Kafin ka sa hannu a takardar masu binciken magani

Ƙannena maza da mata, ku matso mu yi magana a kan sanarwar nan da kuke cin karo da ita a allon asibiti ko a waya, wadda ake cewa ana neman masu ciwon suga ko asma ko hawan jini su shiga wani bincike, za a biya kuɗin mota da na ɓata lokaci. Na lura mun kasu gida biyu a kanta. Wani da idonsa ya sauka kan kuɗi sai ya daina karatu, ya hau neman lambar kira. Wani kuma kafin ya kai ƙarshen layi har ya baza wa jama'a cewa za a mayar da mutane ɓerayen gwaji. Daga mai rawar jiki har mai yaɗa tsoro, babu wanda ya tsaya ya karanta.

Ku fara riƙe wannan: bincike daban, jinya daban. Likitan da ke duba ka yana ba ka abin da aka riga aka san yana aiki. Mai bincike kuwa tambaya ce a hannunsa, da ya san amsarta da bai neme ka ba. Shi ya sa a yawancin gwaje-gwaje kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a, ta raba mutane rukuni biyu. Wasu a ba su sabon maganin, wasu a ba su tsohon da aka saba, ko wata ƙwaya mai kama da shi sak amma ba magani a cikinta. Sau da yawa daga kai har likitan ba wanda ya san wanne ka samu, don kada son rai ya gurɓata sakamako. To wanda ya shiga da tunanin ya yi dace da magani kyauta, wataƙila kallon kitse yake yi wa rogo.

Sannan gwaji hawa-hawa ne. A matakin farko mutane kaɗan ake ɗauka, galibi ba su kai ɗari ba kuma yawanci lafiyayyu, don a ga ko jikin ɗan Adam zai iya ɗaukar maganin. Na biyu ɗaruruwan masu ciwon, na uku har dubbai. Cikin magunguna goma da suka fara wannan tafiya, kusan tara ba sa kaiwa kasuwa. Tambayar "wane mataki ne wannan?" ba ƙaramar tambaya ba ce. A watan Maris na 2006, a wani asibiti a Landan, an yi wa samari shida lafiyayyu allurar wani sabon magani mai suna TGN1412, wanda aka riga aka gwada a jikin birai ba a ga matsala ba. Cikin 'yan sa'o'i duk shidan suna ɗakin kulawa ta musamman, kayan cikinsu na neman tsayawa. Sun rayu, amma ɗaya ya rasa yatsun ƙafa da wasu na hannu. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, gaskiya, sai dai wanda ya faɗa wa ba ruwansa da lissafin kasafai.

Takardar amincewa da za a miƙo maka, mai shafuka barkatai, wadda kake ƙosawa ka kai ƙarshenta, da wahalar wasu aka samo ta. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta bi diddigin baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere don ta ga yadda cutar ke cin jiki. Ba a gaya musu ainihin ciwonsu ba, kuma ko bayan da fenisilin ya samu ba a ba su ba. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947, wadda ta biyo bayan shari'ar likitocin Nazi, da Sanarwar Helsinki ta 1964, duk a kan magana ɗaya suka tsaya, cewa ba a taɓa jikin mutum sai ya fahimta kuma ya yarda da kansa. Kai kuma ka zo ka rattaba hannu cikin minti biyu saboda ana jiranka a waje?

Ka tafi da takardar gida, ka kwana da ita, ka nuna wa likitanka na kullum da wani babba da ka amince da shi. Ka dawo ka yi tambaya ba kunya. Zan daina shan maganina na yanzu? Sau nawa za a ɗebi jinina? In na cutu, wa zai ɗauki nauyin jinyata? Wane kwamitin ɗa'a, wato masu tantance bincike don kare waɗanda za su shiga, ne ya amince da aikin, kuma ina lambar rajistarsa? Ana iya duba irin wannan lamba a shafukan intanet da ake rajistar bincike, irin su ClinicalTrials.gov. Mai bincike na ƙwarai ba ya ɓata rai don an tambaye shi. Wanda ya ce sai yau-yau, ko ya yi maka alkawarin warkewa, ko ya ce kai ne ma za ka biya kuɗi, ɗauki takalminka. Kuma ko ka sa hannu, kana da ikon janyewa duk ranar da ka so, ba tare da an hana ka kulawar da kake samu a da ba.

Ku kuma masu yaɗa tsoro, ku ji tsoron Allah. Kowane ingantaccen maganin zamani da kuka sha, wasu ne suka fara miƙa jikinsu. A 2020, lokacin da korona ke kisa, marasa lafiya sama da 6,000 a asibitocin Birtaniya suka shiga wani ɓangare na binciken RECOVERY da Jami'ar Oxford ta jagoranta. Ta dalilinsu aka gano cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. Binciken nan dai shi ya nuna hydroxychloroquine, maganin zazzaɓin cizon sauro da aka cika duniya da labarin wai yana maganin korona, ba ya tsinana wa waɗanda aka kwantar komai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarya don a samu shiga. Mutum ya ɓoye yana shan wani magani ko jiƙo, mace ta ɓoye tana zargin juna biyu, wani ya shiga bincike biyu lokaci guda don ya ci kuɗi biyu. Sharuɗɗan da suka cire ka, don kare ka aka sa su, domin magani kan yi karo da magani a cikin jini. Ƙaryarka kuma ba a kanka kaɗai za ta tsaya ba, za ta shiga sakamakon da za a yi wa dubban marasa lafiya aiki da shi. In ka manta ba ka sha ƙwaya ba, faɗi. In ka ji jiri ko ƙaiƙayi, faɗi, ko da kana gudun a sallame ka. A jikin takardar akwai lambar da ake kira idan wani abu ya taso da dare. Ka ajiye ta a wayarka, ka kuma ba wa wanda kuke kwana gida ɗaya, tare da sunan binciken.