Kawu, Ahalarin da ka haddace shi ma malamin mantiƙi ne

Wai don yarinya ta samu gurbin karatun falsafa a jami'a, shi ne za a tsayar da ita a tsakiyar walima ana "Allah Ya tsare mata imaninta"? Waɗanda suka je Tudun Wada ranar Asabar sun gani. Tana riƙe da farantin shinkafa, kai a sunkuye, mata sai salati suke kamar an kawo labarin rasuwa. Wani kawu kuwa har ya ajiye cokali ya yanke hukunci: falsafa in ba ta kafirtar da mutum ba, to za ta haukata shi. Madalla da wannan fatawa ta bakin tukunya!

Kawu, Allah Ya ƙara girma, wa ya rubuta Ahalarin da aka biya maka a zaure kana yaro? Abdurrahman al-Akhdari. To shi ɗin dai ne ya rubuta Sullam, waƙen mantiƙi, wato ilimin gyaran tunani da kafa hujja, da malamanmu na zaure suke karantarwa. Tushen mantiƙin nan kuwa Aristotal ne, Bagirke masanin falsafa. Ka amince da mutum a kan alwalarka da ƙabli da ba'adi, ya zo kan gyaran tunani ka ce ɓata ce? Ahalari fa, Kawu. Ahalari!

Na san za a jawo mini Imam Gazali, wai ya ragargaji masu falsafa. Gaskiya ne. Amma sai da ya zauna ya karance ta tsaf, ya rubuta littafi guda yana bayyana manufofinsu, sannan ya ɗauko gatari. Ku fa, shafi nawa kuka buɗa? Wanda ya mayar masa da martani kuma Ibn Rushd ne, alƙalin Malikiyya a Ƙurɗuba, ya rasu a 1198. A gida ma ga Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya yi rubutu a wannan fanni, ba wanda ya yi masa salati.

Zancen "ina aikin yake" kuwa, don Allah a bar shi. Ku tsaya Kwangila ku tambayi masu Keke Napep abin da suka karanta, za ku ji injiniya.

Abin da ya tsaya mini a rai, wallahi, yarinyar nan tun tana firamare take da tambaya, kullum ana ce mata ta cika surutu. Yau ta sami inda za a shekara 4 ana koya mata yadda ake kafa hujja da yadda ake gane ta banza, mu kuma mun sa ta kuka a bayan ƙyaure. Mu da ko saƙon WhatsApp ba ma iya tantancewa kafin mu tura.

Af, wanda ya ari Sullam ɗina mai jan bango tun azumin bara da sunan zai yi fotokwafinsa a Samaru, na san kana karanta wannan. Ka dawo mini da abina.