Lambatu Ba Bola Ba Ne

Kun dai ga bidiyon nan na jiya, ba sai na sake ɗora shi ba. Hadari ya haɗo, iska ta taso, sai ga yara an turo su da bokitan shara suna juyewa a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Tsakar gidan wanda ke ƙasa da kai zai kai ta. Kuma kada kowa ya zagi yaran nan, babba ne ya aike su.

Wallahi abin nan ya ishe ni. Mu mutanen Jos ne za a tsaya ana yi wa bayanin ambaliya? A watan Yulin 2012, cikin azumi, ruwa ya sauka, dam ɗin Lamingo ya tumbatsa, aka wayi gari Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ana neman gawarwaki a cikin laka. Sama da mutum 30 suka rasu, da yawansu yara. Waɗanda suka yi jana'izar nan suna da rai, wasunsu suna karanta wannan rubutun. Amma yau je ka tsaya a kan gada ka leƙa rafin Dilimi: ledar fiya wata, robobin lemo, tsummokara, tsohuwar katifa, har kayan cikin dabba. Bakin kwalbati ya cushe da yashi da leda har ciyawa ta tsiro a kai.

Garinmu kan dutse yake. Ruwa ba ya samun inda zai nutse, gangarowa yake da gudu, kuma hanya ɗaya ya sani. Ka toshe ta, ya shigo ɗakinka.

Na san masu cewa ai gwamnati ba ta kawo motar kwasar shara. Gaskiya ne, ba ta zuwa yadda ya kamata, kuma a ci gaba da matsa mata lamba. To sai me? Don mota ba ta zo ba sai ka aika wa maƙwabci ƙazantarka da tsakar dare? Masu cewa ƙaddara ce kuwa, ku ji tsoron Allah. Ruwan sama rahama ne daga gare Shi, ledar da ta toshe kwalbati kuma hannun mutum ne ya jefa ta.

Duk shekara NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, tana fitar da hasashen damina tun kafin a ga ɗigon farko. Watan Fabrairu da Maris lambatu a bushe yake, shebur da baro kawai ake buƙata. Ina aikin gayyan da iyayenmu suke yi? Mai unguwa ya sa rana, liman ya sanar bayan sallar Juma'a, matasa su fito su yashe, a kwashe abin da aka fitar a ranar, ba a tara shi a gefen titi ruwan farko ya mayar da shi ciki ba. Buhun shinkafa da bandir ɗin kwano da ake rabawa bayan an yi asara ba sa dawo wa uwa da ɗanta.

Af, tunda ana maganar yara: don Allah iyaye ku hana su wanka a kududdufan tsohuwar haƙar kuza na wajen Bukuru da Rayfield. Yanzu duk sun cika maƙil, sama a kwance lumui, ƙasa kuwa zurfi ne da taɓo, kuma ko shinge babu a yawancinsu.