Masu gaggawar a yaye su, ku zo ku ji labarin U-120

'Yan uwana matasa, musamman ku masu koyon sana'a da wata uku kacal sai ka ji yaro yana cewa shi fa ya iya, oga ya sallame shi ya buɗe nasa shagon, don Allah ku ɗan tsaya.

A Yaƙin Duniya na Biyu Jamus na da wani jirgin ƙarƙashin ruwa, U-120, a Lübeck aka ƙera shi, ya fara aiki a watan Afrilun 1940. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai kai mita 43 ba, mutum 25 ake cusawa a ciki tare da topido biyar, wato makaman da ake harba wa jirage ta ƙarƙashin ruwa, ga warin gas ga zufa ga ba wurin miƙe ƙafa. Kuma har yaƙin ya ƙare bai taɓa fita farautar jiragen abokan gaba ba, bai nutsar da ko ɗaya ba. Aikinsa kawai koyarwa a Tekun Baltik, ƙarƙashin runduna ta 21 da ke tashar jiragen ruwa ta Pillau, a nutse a taso, a nutse a taso, gobe ma haka, sabbin yara su zo su wuce shi yana nan.

Na san wani zai ce to wannan ai jirgin banza ne. Kwamandansa na farko Ernst Bauer ne, sai da ya wuce ta nan aka ba shi babban jirgin ƙarƙashin ruwa U-126, wanda a Oktoban 1941 ya nutsar da jirgin dakon kayan Amurka mai suna Lehigh a kusa da Freetown. Ba yabonsu nake ba fa, Hitler suka yi wa aiki kuma aikin zalunci ne, Allah ya kiyaye. Amma ko azzalumi bai yarda ya miƙa babban jirgi ga wanda hannunsa bai faɗa ba, ballantana kai da za a ba ka birkin motar da ta ɗauko iyalin mutum ka gyara.

Sannan abin da ya fi damuna, yadda kuke ɗaukar lokacin koyo kamar wasa, wai ai ba aikin gaske ba ne, oga yana magana kai kana danna waya. Wallahi a wurin koyon ma mutuwa ake. Dubi sauran jiragen koyo: U-5 ya nutse a yammacin Pillau a watan Maris 1943 garin nutso, mutum 21 suka tafi. U-7 a Fabrairun 1944 shi ma haka, mutum 29, ko ɗaya bai fita ba. U-2 kuwa karo ya yi da wani jirgi a Afrilun 1944, 17 suka mutu. Babu Ingilishi ko Ba'amurke da ya harba musu komai, hatsari ne a gida, ruwa kuma bai tambaya ko almajiri ne kai ko gwani. In oga ya ce sake ɗaure wannan noti, sake ɗaurewa ka yi shiru, in ya ce kashe wuta kafin ka taɓa waya to kashe ɗin, ko da kana ganin ka fi shi sauri.

U-120 dai ya ci gaba da koyarwa har Rasha ta matso gabashin Baltik aka janye jiragen koyo zuwa yamma. A watan Mayun 1945 Jamusawa da kansu suka nutsar da shi a Bremerhaven don kar ya faɗa hannun abokan gaba, a 1950 aka tsamo shi aka yanka ƙarfen.