Ba kowane bango ba ne zai jure

Wani marubuci ya ce tsiro mai yaɗo ba ya ɓata bangon jan bulo, amma bai faɗi wane irin bango ba. In simintin da ke tsakanin bulo na da ƙwari, to babu laifi. Tsohon bango fa, wanda ka sa farce siminti ya zubo kamar gari? Nan ƙananan saiwoyi ke kutsawa, su yi kauri, tsaga ta buɗe, ruwa ya samu hanya. Masu cewa a fizge tsiron kawai, don Allah ku daina, tare da siminti yake fitowa. A fara liƙe tsaga, a ɗaura waya nesa kaɗan da bango don iska ta ratsa, sannan a shuka tsiro mai nannaɗewa a jikin wayar. Me ya hana a faɗa wa mutane wannan?