Wadda za ta shiga ɗakin

Musu ne ya kaure a fadarmu ta Zengo kan launin yuraniyom. Mai shayinmu ya rantse ruwan ɗorawa ne, ya gani a talabijin. Ni kuwa da na yi shekaru ina tuƙin babbar mota zuwa Arlit, garin haƙar yuraniyom, na ce baƙi ne. Da na koma gida bayan isha'i, na zauna a zaure na kira ɗan ƙanena da ke karatun ilimin duwatsu a Yamai, don gobe in rufe musu baki.

Ya ce: "Baba, kowa da gaskiyarsa. Na mahaƙar Imurarene akwai mai ruwan ɗorawa, amma a mahaƙan Arlit da Akuta baƙi ne, kuma cikin baƙin akwai wanda ake kira kofinit." Ya ce a Kolorado ta Amurka aka fara gano shi a 1954, haɗin yuraniyom ne da silikon da iskar oksijin, gininsa iri ɗaya da na dutsen zirkon.

Da na tsaya nan da na kwana lafiya. Amma yaron nan idan ya fara bayani ba ya jin birki. Ya ce ba kasafai ake samun dutsen zalla ba, domin wasu sinadarai kan maye gurbin yuraniyom a cikinsa. Toriyom tana shiga salin-alin, tunda cajin lantarkinta da na yuraniyom huɗu-huɗu ne, girmansu kuma ya yi kusa. Itiriyom kuwa cajinta uku, saboda haka sai fosfaras mai caji biyar ta karɓi gurbin silikon kafin lissafi ya daidaita. Dalmar da ake tararwa a ciki, in ji shi, yuraniyom ɗin ce da kanta ke rikiɗewa a hankali cikin miliyoyin shekaru.

Layin ba kyau, ni kuma ɗabi'ata ce in maimaita magana da ƙarfi don ta zauna mini a ka.

"To in ta farkon ta fita, ita wannan ce za ta shiga ɗakinta?"
"Girmansu ɗaya? Madalla, ba rigima ke nan."
"Au, ɗayar ba ta shigowa ita kaɗai, sai su biyu?"
"Ita tsohuwar dama da kanta take lalacewa? Allah sarki."

Daidai nan na ji kwanon tuwo ya dira a gabana da ƙarar da ta sa akuya zabura. Uwargida ce, hannu a ƙugu.

"Malam, wace ce tsohuwar da ke lalacewa?"

Na ce dutse ne. Ta ce dutse ne mai ɗaki? Na ce sunanta yuraniyom. Ta ce ko 'yar wace unguwa ce, ta zo, ta ga wanda zai fita. Na so in kira yaron ya wanke ni, kuɗin salula sun ƙare. Kafin in samo kati ta riga ta aika wa gwaggonta a Birni.

Da sassafe gwaggo ta iso a kabu-kabu, da carbinta. Aka kira ɗalibi, aka sa murya a fili, ya sake karanto komai tun daga Kolorado. Gwaggo ta yi gyangyaɗi wajen fosfaras. Uwargida kuwa ta saurara tsaf, sannan ta yi tambayar da ni ban yi ba: "In baƙuwar ta fi yawa fa?" Ya ce: "Inna, ai sunan dutsen ma canzawa yake, in toriyom ce ya koma torit. Muddin kofinit ne, yuraniyom ce mai rinjaye."

Ta dube ni ta ce: "Ka dai ji da kunnenka."

Ni na biya wa gwaggo kuɗin kabu-kabu zuwa da komawa, da kilishin jika ɗaya na ban haƙuri. Da yamma na isa fada da hujjojina, na tarar an koma musun kokawa.