Stellaris: Mai Tara Jirage Wuri Guda Shi Ne Ya Fi Shan Kashi

A shagunan cajin waya na su Ringim da Gumel, inda samari ke haɗa laftop da sola suna buga Stellaris, wasan kwamfuta na kafa daula da yaƙi a sararin samaniya, ƙorafin da ake yawan ji shi ne kamfanin Paradox ya ɓata wasan da sauye-sauyen dokar hange, wato abin da ɗan wasa ke iya gani a taswira. Ra'ayina akasin haka ne. Sauyin ne ya sa yaƙin ya koma na tunani.

Da wasan ya fito a 2016, hanyoyin tafiya uku ne, kuma na'urar hange da'ira take zanawa: abin da ya shigo ciki ka gan shi. Dabarar kowa ɗaya ce, a tara duk jirage a runduna guda a je a yi karo. Sabuntawar 2.0 ta Fabrairun 2018 ta bar hanya ɗaya, wato layukan da ke haɗa taurari, ta kuma mayar da awon hange zuwa yawan tsalle a kan layukan. Sai ga tauraro dab da kai a taswira amma ba ka ganin abin da ke cikinsa, don layin da ya haɗa ku zagaye ya yi. Wuraren da hazo ya rufe kuwa ba a hango cikinsu daga waje. Tun daga nan mashiga ta yi daraja: sansani mai ƙarfi a bakin layi, ƙaramin jirgi ɗaya a gaba yana gadi, babbar runduna a baya inda za ta iya kai ɗauki ta ɓangare biyu.

A 2021, sabuntawar 3.0 ta kawo leƙen asiri, ta yadda ƙarfin maƙwabcinka ba ya bayyana sai ka tura wakili ya kafa 'yan rahoto. Mai ɗaga yaƙi ba tare da wannan ba, caca yake yi.

Babbar rigimar tana kan layar zana, wato na'urar ɓoye jirage, da ta zo a Maris 2023 tare da ƙarin wasan mai suna First Contact. Nan ne ake tafka kuskure. Ƙarfin ɓuyan runduna ana auna shi ne da jirgin da ya fi rauni a cikinta, kuma manyan jirage sun fi wuyar ɓoyewa. Ka cusa ƙaton jirgi ɗaya cikin ƙananan jiragen kwarbet, ka tona asirin kowa. Sannan layar matakin farko tana kashe garkuwar jirgi muddin yana ɓoye, don haka wanda ya cika jiragensa da garkuwa ya bar sulke, tsirara zai bayyana a gaban sansanin abokin gaba. Jiragen kwanton ɓauna sulke ake loda musu. Ni dai a ganina amfanin layar ya fi yawa a jirgin bincike, wanda ke iya ratsa iyakar da aka rufe ya dawo da labari, fiye da a fagen daga.

Mai tsaro shi ma da aikinsa. Na'urar gano ɓoyayyu tana cin gurbi a sansani, gurbin da bindiga za ta zauna. Ba kowane sansani ke buƙatarta ba. Na mashiga da na kusa da babban birni sun isa.

Masu ƙorafin suna da hujja ɗaya mai nauyi. A Yulin 2019 kamfanin CCP ya ɗauke jerin sunayen da ke nuna waɗanda suka shigo yanki a wani sashe na wasansa na sararin samaniya, EVE Online, 'yan wasa suka ragu, a Satumba aka mayar da shi. Duhu in ya yi yawa, mutane gida suke zama. Bambancin shi ne Stellaris ta ba kowace ɓuya maganinta, da farashi a fili.

Kafin a zauna wasan haɗaka, a tabbatar kowa sigar wasansa ɗaya, domin wanda tsadar data ta hana shi sabuntawa ba zai ma iya shiga ba.