Zoɓonmu ne fa, kwalba kawai aka canza masa

Ranar Asabar na shiga wani kanti a kan titin Biu, nan cikin Gombe, zan sayi ruwan sanyi saboda ranar da ake ƙwallawa. A cikin firij na tarar da wasu 'yan kwalabe an jera su reras, kowace da takardarta mai ƙyalli. Wannan wai tana wanke ciki, waccan tana ƙara garkuwar jiki, ta ukun kuma tana narkar da teɓa. Na ɗauki ja daga ciki na juya bayanta don in ga kayan haɗin: zoɓo, citta, kanumfari, abarba. Da yaron kantin ya faɗa mini kuɗinta sai da na ce, "Ƙanena, zoɓon ne kawai ko da zinariya a ciki?" Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai wannan na lafiya ne."

To, wanda mata ke ƙullawa a leda a bakin Tsohuwar Kasuwa fa, na cuta ne?

Wannan yayi ba a nan ya faro ba. A Amurka da Turai mutane sun fara tsorata da lemon kwalba, sai kamfanoni suka koma sayar musu da abin sha da sunan lafiya. Kuɗin da ke ciki ba na wasa ba ne: a 2025 kamfanin PepsiCo ya sayi Poppi, wani lemo da ake tallarsa da gyaran hanji, a kan dala biliyan 1.95. Abin da ke ba ni dariya shi ne kayan da suke rububi a kai. Garin 'ya'yan kuka da muka tashi muna tsotsa a bayan gari, sai a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a matsayin abinci, yanzu kuwa ana kambama shi saboda bitamin C. Ayar da muke yi wa kallon abin taunar yara, mutanen Sifen sun daɗe suna kununta. Ƙwayoyin halittar da ake cewa suna gyara ciki, waɗanda Yakult na Japan ke sayarwa tun 1935, danginsu ne ke sa kindirmon Fulani ya yi tsami.

Amfanin kuma akwai shi, ban musa ba. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun ba mutanen da jininsu ya fara hawa kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki bakwai. Citta tana rage tashin zuciya. Tsamiya tana sassauta ciki, abin da kakanninmu suka sani tun kafin a gina asibiti a Gombe.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, zoɓon da muke sha yau ba shi ne wancan ba. Ku leƙa kicin ranar suna ku gani. Za a dafa zoɓo cikin babbar tukunya, a zazzaga sukari da kwano, a ƙara garin ɗanɗano na leda har kala biyu, wata ma ta juye lemon kwalba a kai don ya yi armashi. Kunun aya kuwa ga dabino ga kwakwa ga madarar gwangwani, sannan a bi da sukari, wai kada a ce mai yi ta yi rowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in da hali ma a tsaya a shida. Kwalbar lemo ɗaya ta 35cl tana ɗauke da wajen cokali tara. A 2022 gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka sa wa sukari, amma wa zai bi tukunyar gidan biki da awo? Sai ka ga mutum ya bar lemo saboda ciwon suga, ya rungumi zoɓon da ya fi lemon zaƙi, yana ganin ya tsira.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ma gwaggona ce. Tana da hawan jini, ta yi shekaru tana shan ƙwayarta lafiya lau. Wata mai talla a WhatsApp ta sayar mata da jarkar wani haɗi na zogale da zoɓo, ta ce mata maganin Bature yana kashe ƙoda, wannan kuwa daga itace yake. Gwaggo ta ajiye ƙwaya. Bayan 'yan makonni muka kwashe ta zuwa asibiti cikin dare, kai kamar zai tsage, ido ba ya gani sosai. Allah Ya sa da sauran kwana. Da na ce mata, "Gwaggo, me ya kai ki?" sai ta ce, "Ɗan nan, ai na ga an rubuta lambar NAFDAC a jiki." Na ɗauko jarkar na nuna mata ƙananan rubutun da ke ƙasa, inda aka ce hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Wa ke karanta wannan? Maki bakwai na zoɓo taimako ne, ba ya maye gurbin abin da likita ya rubuta.

Su kuma masu "wanke ciki", hanta da ƙoda ne ke tace dattin jiki, ba shayi ba. Da yawa daga shayin rage ƙiba dangin filasko ne a ciki. Ka kwana zarya a banɗaki, da safe sikeli ya nuna ka ragu, alhali ruwan jikinka ka zubar.

Ni abin da nake so in gani shi ne matanmu na Pantami da Jekadafari da Bolari su karɓe wannan kasuwa, don tasu ce tun asali. Amma da sharaɗi: ruwa mai tsabta, nonon da aka tafasa kafin ya kwana, kwalba sabuwa ba wadda aka tsinto a tasha aka ɗauraye ba, da rubutun ranar da aka yi shi, musamman kunun aya da ba ya jure zafin Afrilu ko na yini ɗaya in babu wuta. A kuma rubuta yawan sukarin da aka zuba.

A gidana dai na roƙi uwargida ta riƙa ɗiba mini kofi ɗaya kafin ta zuba sukari. Makon farko da yamutsa fuska nake sha, yara suna ta yi mini dariya. Gwaggo kuma ta koma kan ƙwayarta, jarkar nan tana bayan ɗaki an mai da ita ta kananzir.